Shauƙi Namu Ne: Martani Ga Masu Auna Hausa Da Mudun Larabci

Akwai wani gyara da ya fara yawo a tsakanin ɗaliban Hausa, musamman waɗanda Allah ya hore wa sanin Larabci, kuma ya kamata a tare shi tun bai zama doka ba. Gyaran kuwa shi ne, wai kuskure ne a ce mai wa'azi ya yi magana cikin shauƙi, ko a ce shauƙi ya ɗebi 'yan kallo har suka miƙe tsaye suna sowa. Hujjar masu gyaran ita ce, kalmar daga Larabci ta zo, asalinta shauq, kuma abin da Balarabe yake nufi da ita shi ne jan da zuciya take yi zuwa ga abin da ba ya kusa, wato abin da mu muke kira kewa ko bege. To, tunda mai wa'azi ba kewar kowa yake yi ba, 'yan kallo kuma ga abin da suke kallo a gabansu, babu shauƙi a wurin, in ji su. Wanda yake son ya bayyana zafin zuciya da ɗagawar murya, sai ya ce hamasa.

Rabin maganarsu gaskiya ne, shi ya sa take saurin shiga kunne. Shauƙi daga Larabci ya zo, babu mai musun wannan. Inda suka kauce hanya shi ne zaton da suke yi cewa gidan da kalma ta fito shi yake da ikon yanke mata ma'ana har abada, ko da ta yi ɗaruruwan shekaru a wani gidan ta hayayyafa. Domin mu ga raunin wannan zato, zan bi da mai karatu ta gabashin ƙasar Sudan, inda kalmar tamu take zaune unguwa ɗaya da 'yar'uwarta ta Larabci, kuma inda gyaran yake iya yin ɓarnar da ta fi ta ko'ina.

Gedambaliya yanki ne na noma kusa da birnin Gadarif. A nan ne Turawan Ingila suka fara gwada noman dawa da injuna a tsakiyar shekarun 1940, har ƙasar Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Hausawa suna da yawa a wannan ƙasa, a unguwannin birni da ƙauyukan noma, kuma ba jiya suka zo ba. Tun ƙarnuka da suka wuce mutanen ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Sudan a ƙasa zuwa aikin hajji, ta Wadai da Darfur da Kurdufan, har su kai tashar Suwakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara guzuri ya ƙara gaba, wani kuma tsayawar ke nan. Garin Gallabat da ke kan iyakar Habasha ya shahara da zaman Takari tun kafin ƙarni na 20. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a cikin wannan shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sinnar. Aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 ya jawo wasu, noman Gadarif ya jawo na bayansu. Abin da ya taso da mafi yawan kakannin waɗannan mutane daga gidajensu shi ne shauq da ainihin ma'anarsa ta Larabci, wato begen Ɗakin Allah da kabarin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kuma cikin kayan da suka ɗauko har da harshensu, da kalmomin Larabcin da suka daɗe da zama Hausa a cikinsa.

Yanzu sai mu saurari abin da yaron da ya tashi a Gedambaliya yake ji. A kasuwa da rediyo da waƙoƙin Sudan, ba zai ji an ce shauq ba, sai dai shog. Larabcin Sudan yana mayar da harafin ƙaf ya zama /g/, yana kuma murƙushe tagwan wasalin /au/ ya koma dogon /o/. Sunan birnin ma shaida ne, domin da ƙaf ake rubuta shi amma Gadarif ake faɗa. Idan mutum biyu suka haɗu bayan an daɗe ba a gamu ba, sai ɗaya ya ce mushtagin, wato mun yi kewa, daga wannan saiwa ɗaya. Gaisuwa ce ta yau da kullum, ko da yake ta ƙara nauyi tun da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa iyalai, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira. A bakin mutumin Sudan, shog kewa ce tsantsa. Idan kuma yaron nan ya kunna wayarsa ya saurari wa'azi ko waƙar bege daga Kano, sai ya ji shauƙi, da /au/ ɗinsa cikakke, da /ƙ/, da wasalin /i/ a ƙarshe.

Wannan bambancin furuci shi ne takardar haihuwar kalmar, kuma ina son ɗalibai su koyi karanta irin wannan takarda. Harafin ƙaf na Larabci ya shigo Hausa ta ƙofa fiye da ɗaya, kowace ƙofa kuma ta bar masa alama. Kalmomin da suka zo ta bakin fatake da matafiya, waɗanda suka ji Larabcin baka irin na Sahara da Chadi da Sudan, sukan zo da /g/: bindiga daga bunduqiyya, gahawa daga qahwa, tagiya daga taqiyya. Kasuwa ma daga suq take, ta biyo ta Barbarci inda ake cewa kasugu, ga /g/ ɗin nan a fili kafin Hausa ta lanƙwasa shi. Kalmomin da suka zo ta allo da littafi kuwa, malami ne ya dubi harafin a rubuce ya furta shi da sautin da ya fi kusa da shi a bakinsa. Ƙaf na Larabci daga can kusa da beli yake fitowa, Hausa ba ta da irinsa, sai ta ba shi tunkuɗau ɗinta na hanɗa, wato /ƙ/. Da ƙaf ɗin ne ma ake rubuta /ƙ/ a ajami. Ta haka muka sami alƙali da alƙalami da ƙabila da haƙiƙa da wasiƙa. Joseph Greenberg ya yi magana a kan waɗannan rukunoni biyu, na baka da na littafi, tun a 1947, Mervyn Hiskett kuma a 1965 ya nuna irin rawar da littattafan da malamai suke karantarwa suka taka wajen shigo da kalmomin. Ba kowace kalma ce take bin layi ba, akwai irin su sadaka da kabari da alkama da suka zo da /k/ sak, amma game da shauƙi babu ruɗani. Da ta hanyar ayari ya zo, da wani abu mai kama da shogi muke faɗa. A zauren malam aka haife shi.

Wane littafi ne ya kawo shi? Ba Alƙur'ani ba ne kai tsaye, domin saiwar sh-w-q ba ta zo a cikinsa ba. Ta zo a hadisi, kamar addu'ar da Nasa'i ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir, inda ake roƙon Allah shauƙin haɗuwa da shi. Amma inda kalmar ta yi gida sosai shi ne littattafan sufanci da waƙoƙin yabon Annabi. Alƙushairi, wanda ya rasu a 1072, ya ware mata babi guda a Risalarsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya ta a sunan ɗaya daga cikin littattafan Ihya'u, ya jera ta da so da ɗebe kewa da yarda. Sai kuma waƙoƙin da duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya ya ji ana rerawa a watan Maulidi: Ishiriniya ta Alfazazi mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1230, da Burda ta Busiri. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa, tun yana saurayi, ya yi Daliyyarsa ta Larabci a kan ɗokin isa Madina. Wannan shi ne ruwan da kalmar ta yi iyo a cikinsa har ta iso bakin talaka.

A nan ne abin da masu gyaran ba su lura da shi ba ya faru. Lokacin da shauq ya iso, bai tarar da gurbinsa a buɗe ba. Hausa tana da kewa, tana da bege, tana da marmari. Da malamanmu suka tashi yin irin waɗannan waƙoƙi da harshensu, ba su kira su waƙoƙin shauƙi ba, waƙoƙin bege suka kira su, kuma har yau haka ake kiransu. Aliyu Namangi, makahon mawaƙin nan na ƙasar Zazzau mai Imfiraji, begen Annabi muke cewa ya yi. Wato aikin da shauq yake yi a Larabci, kalmar gida ta riga ta riƙe shi gam. Baƙon da ya zo ya tarar da mai gida a kan kujera, ko dai ya juya ko ya nemi wani wurin zama, shauƙi kuwa ya sami wurin da babu kowa.

Ku tuna da'irar zikiri, ko ta Ƙadiriyya da bandirinta, ko ta Tijjaniyya da yammacin Juma'a, ko dandalin Maulidi da sha'iri a tsakiya. Ana cikin rera yabo sai a ga wani dattijo ya fara rangaji, murya ta ɗaga, hawaye ya zubo, wani ya miƙe bai san ya miƙe ba. Malamin da ya karanta Alƙushairi zai ce shauq ne ya motsa a zuciyar bawan Allah nan, yana nufin begen da yake ciki. Almajirin da yake gefe, da mai sayar da goro, da matan da suke leƙe ta katanga, ba su ga zuciya ba. Abin da suka gani shi ne rangajin da hawayen da ɗagawar muryar, kuma sun ji an kira abin shauƙi. Sai sunan ya sauka daga kan dalili ya hau kan alamarsa. Wannan hanya ce sananniya a ilimin ma'ana, kuma babu harshen da ba ya bin ta. Bege ya zama abin da yake kwance a zuciya, shauƙi ya zama tashinsa da bayyanarsa a jiki da murya. Daga da'irar zikiri kalmar ta fita zuwa dandalin biki, da filin ƙwallo, da taron siyasa, da littattafan soyayya da finafinan Kano, duk inda zuciya take cika har ta tumbatsa.

Nahawun kalmar ma yana ba da wannan shaida. Ku dubi aikatau ɗin da suke tafiya da ita. Shauƙi yakan kama mutum, ya ɗebe shi, ya kwashe shi, ya taso masa. Duk aikatau ne na abin da yake zuwa da ƙarfi a lokaci guda, kamar ambaliya. Kewa kuwa damun mutum take yi, ta daɗe tana cin sa a hankali. Muna cewa ya yi magana cikin shauƙi, kamar yadda muke cewa cikin fushi ko cikin murna, domin yanayi ne da mai kallo yake iya gani. Tsohuwar ma'anar kuma ba ta mutu ba. Maniyyaci yana cewa yana shauƙin ganin Ka'aba, kowa ya gane shi. Abin da ya faru faɗaɗar ma'ana ce, kalmar ta riƙe ta dā ta ƙara sabuwa, kuma masu gyaran suna so ne su datse reshen da ya fi 'ya'ya.

To, bari mu karɓi ƙa'idarsu na ɗan lokaci, mu ce asali shi ne alƙali. Wane asalin? Ibn Faris, wanda ya rasu a 1004, ya gina ƙamusunsa Maƙayisul Luga a kan bin kowace saiwa zuwa ma'anarta ta farko, kuma da ya zo kan sh-w-q sai ya mayar da ita ga rataya abu a jikin abu, ya kawo misalin ɗaure igiyar tanti a jikin turke. Daga wannan ɗaurin ne, a wurinsa, aka ciro ɗaurin zuciya ga abin da take so. Idan ma'anar farko ce kaɗai halattacciya, to Larabawan ma sun yi kuskure tun kafin mu, kuma mai cewa mushtagin a kasuwar Gadarif maganar igiya yake yi. Ibn Manzur kuma, mai Lisanul Arab, wanda ya rasu a 1311, bayan ya fassara kalmar da fizgar rai zuwa ga abu, ya ƙara da cewa motsin so ce. Motsi ke nan tun a can. Sufaye ma sun yi ta muhawara a kan ko shauq yana kwantawa idan an sadu da abin so ko ba ya kwantawa, har Alƙushairi ya kawo bambancin da malaminsa Abu Aliyu Daƙƙaƙ ya yi tsakanin shauq da ishtiyaq a kan wannan gaɓa. Sharaɗin da masu gyaranmu suke kafawa da ƙarfi, cewa dole abin ya kasance ba ya nan, magabata ba su gama yanke shi ba. Larabcin zamani kuwa ya wuce wurin, domin tashwiq yake kiran irin fim ko labarin da yake hana mutum tashi daga kujera.

Sa'an nan ba mu kaɗai muka ari kalmar ba. A Turkanci shevk karsashi ne da ƙwazon yin abu. A Farisanci shauq yana ɗauke da murna da zumuɗi. A Urdu da Hindi kuwa ya zama abin da mutum yake yi don jin daɗin ransa, kamar kiwon tattabaru ko tara littattafai, kuma masu kallon finafinan Indiya a cikinmu sun sha jin sa ko da ba su gane ɗan gidansu ba ne. A Suwahili shauku ƙaƙƙarfan so ne da ɗoki. Al'ummu ne da ba su yi shawara da juna ba, daga Istanbul zuwa Lahor zuwa Zanzibar zuwa Kano, kuma duk sun tura kalmar ta fuska ɗaya, daga kewa zuwa zafin zuciya. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙwayar wannan ma'ana tana cikin kalmar tun farko, kowace ƙasa ta tsirar da ita daidai da ruwanta. Ban taɓa jin Baturke ya nemi gafarar Balarabe a kan shevk ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu gyaran ba sa bin ƙa'idarsu har ƙarshe, kuma ba za su iya ba. Wanda ya ce kada a faɗi shauƙi sai a kan kewa, shi ne zai juya ya ce karatun wane ya ba shi sha'awa. Sha'awa daga shahwa take, wadda a Larabci take nufin kwaɗayin jiki, na ci ko na jima'i. Hausa ta riƙe wannan ma'ana, ta kuma wanke kalmar har ta zama ana cewa yaro mai ban sha'awa, gini mai ban sha'awa, ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Zai ce gwamna ya yi jawabi, alhali jawab a Larabcin littafi amsa ce, a Larabcin Sudan kuma har wasiƙa ana kira jawab. Ita wasiƙar ma daga wathiqa take, takardar shaida, ba saƙon gaisuwa ba. Harka daga haraka take, motsi, mu kuma muka mayar da ita sana'a da sha'ani. Wani lokacin ma kalma ɗaya muka ara sau biyu, muka ba kowace aikinta: ladabi da adabi daga adab, lissafi da hisabi daga hisab, laifi da aibu daga aib. Yaro yana koyon lissafi a makaranta, hisabi kuwa sai ranar gobe. Idan za a mayar da kowace ɗaya gidan ubanta, ba za a bar wa Bahaushe abin da zai yi sallama da shi ba. Laifin, a ganina, har da na sunan da muka ba abin a aji. Mun ce kalmomin aro, ɗalibi kuma ya san cewa kayan aro ba ya rufe katara, sai ya ɗauka akwai mai kaya a wani wuri da zai zo ya duba ko an ɓata masa. Babu wanda zai zo. Larabci bai rasa shauq ba don mun sami shauƙi.

Saura hamasa, wadda suke so ta maye gurbin. Kalma ce mai kyau, ta kuma fara zama a bakin masu wa'azi da marubutan da suka yi karatun Larabci, ba ni da faɗa da ita. Amma a san abin da take ɗauke da shi. Saiwarta tana nufin tauri da tsanani. Abu Tammam, wanda ya rasu a 845, ya tara zaɓaɓɓun waƙoƙin Larabawa a littafin da aka sani da Hamasa, kuma sunan ya fito ne daga babinsa na farko, na jarumta da yaƙi. A Sudan ɗin ma akwai rukunin waƙoƙi da ake kira na hamasa, waɗanda mata suke rerawa da gangar dalluka suna zuga maza a kan jarumta da kyauta. Mu da muke da kirari da zuga da tambura mun san wannan yanayi sarai. Hamasa tana da ƙanshin fagen fama. Za ta dace da mai huɗubar da yake kiran mutane su tashi tsaye, amma ba za ta dace da tsohon da yake hawaye a wurin Maulidi ba, ko amaryar da ta ji an ambaci sunan angonta a waƙa. Shauƙi yana da taushi da daɗi a cikin zafinsa, hamasa ba ta da su. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya yi asarar ma'ana, yana zaton ya yi gyara.

Kada kuma a ɗauka ina kare duk wanda ya yayyafa shauƙi a rubutunsa kamar gishiri. Akwai wata kasala da ta kama masu fassarar labarai da matasan marubuta, ta mayar da shauƙi jakar da ake zuba kowane irin motsin rai, kuma wannan ya fi cancantar gyara. Yaron da aka ce gobe za a kai shi Kano ya kasa barci, ɗoki yake yi. Wanda ya yi wuf ya amsa tambayar da ba a gama yi ba, zumuɗi ne ya ɗebe shi, kuma akwai ɗan zargi a cikin kalmar. Wanda jira ya ishe shi ya zaƙu. Ɗan wasan da ya shiga fili jiki a sake ba shi da karsashi, manomin da ya yi sammako ya kai yamma yana da himma da kuzari, taron da ya cika ya yi kyau ya yi armashi. Kowace da muhallinta. Shauƙi shi ne lokacin da so ko jin daɗin wani abu ya cika zuciya har ya fi ƙarfin mai shi, ya fito a murya ko a jiki. Ɗalibin da ya rubuta cewa 'yan kasuwa suna shauƙin faɗuwar farashin mai, a nuna masa cewa ɗoki ko fata yake nufi, kuma a nuna masa da hujjar Hausa, daga yadda Hausawa suke magana.

Na ce gyaran ya fi ɓarna a wuri irin Gadarif, ga dalili. A Kano, idan malami ya rage wa ɗalibi maki a kan shauƙi, ɗalibin zai fita ya ji kasuwa da rediyo da mahaifiyarsa suna faɗar abin da ya rubuta, zaluncin ya tsaya a takarda. A Gedambaliya kuwa Larabci ne harshen makaranta da hukuma da kasuwa, Hausa ta gida ce da gona da unguwa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi guda a 1999 a kan Hausar Sudan da yadda take sajewa da Larabci, kuma wannan sajewa aba ce da ake tsammani a duk inda harsuna biyu suka haɗu, ɗaya yana da gwamnati ɗaya ba shi da ita. Yaron da yake can yana jin Larabci fiye da yawancin masu gyaranmu. Duk kalmar Larabcin da ya tarar a Hausar kakarsa, yana da ma'aunin da zai gwada ta da shi a kunnensa, kuma kullum zai ga ta bambanta: furucin ya karkace, ma'anar ta gusa. Idan muka koya masa cewa kowane bambanci kuskure ne, mun koya masa ke nan cewa kaso mai yawa na harshen gidansu gurɓataccen Larabci ne, kuma mai hankali ba ya riƙe gurɓatacce alhali ga tatacce a hannunsa. Haka harshe yake fita daga gida, kalma bayan kalma, kowace da hujjarta mai kama da ilimi. Abin da ya kamata ya ji daga gare mu shi ne yana da kalmomi biyu inda maƙwabcinsa yake da ɗaya. Yana da shog na Larabcin garinsu idan ya yi kewar ɗan'uwansa da yake Bor Sudan, yana kuma da shauƙi na Hausa idan sha'iri ya taɓo masa inda yake so, kuma na biyun ya zo masa ne daga zaurukan malaman Katsina da Kano da Sakkwato, a bakin mutanen da suka taka daga can zuwa nan da ƙafa.

Wannan fage ne na bincike ga duk ɗalibin da yake neman batun kundi. A ɗauki kalmomi irin su shauƙi da sha'awa da jawabi da harka da hidima, a ji yadda tsoho ɗan shekara 70 yake amfani da su a Hausarsa a ƙauyukan Gadarif, a ji yadda jikansa ɗan shekara 20 yake yi, a ga wace ma'ana ce take tsaye, wace ce ta koma ta Larabci, kuma a wane furuci. Aiki ne na rikoda da haƙuri da zama a kan tabarma, ba a yin sa daga cikin ƙamus.

Abu na ƙarshe ya shafi rubutu. Yawancin masu rubutu a waya suna sauke ƙugiyar /ƙ/ su rubuta shauki, wasu don kasala, wasu don allon wayarsu ba shi da harafin. Tun shekarun 1930 aka sa wa haruffan boko waɗannan ƙugiyoyi, kuma yanzu akwai allunan waya na Hausa da ake saukewa kyauta. A wannan kalma ƙugiyar ita ce sawun ƙaf, ita ce take nuna ta littafi kalmar ta shigo. Idan aka cire ta, an koma wata saiwar dabam, sh-w-k, wadda a Larabci take nufin ƙaya. Mutumin Gadarif yana bambanta shog da shok ba tare da ya yi tunani ba, na farko a zuciya, na biyu a tafin ƙafa idan ya shiga gona babu takalmi.